Yadda Za Ka Auna Da'awar Cewa Wata Ƙwayar Gado Tana Danne Cutar Daji

Duk mai bibiyar labaran kimiyyar lafiya ya saba da irin wannan magana: an gano wata ƙwayar gado a jikin ɗan Adam, kuma mai yiwuwa ne furotin ɗin da take samarwa yana danne cutar daji. Ɗalibin likitanci yana cin karo da ita a takardun karatunsa, ɗan jarida yana samunta a sanarwar da jami'o'i suke fitarwa, wanda kuma yake jinyar ɗan'uwansa yana karanta ta da zuciyar mai neman mafita. Kalmomin da suka fi nauyi a cikinta su ne "mai yiwuwa ne", amma su ne ido ya fi saurin tsallakewa. Abin da nake so ka koya a nan shi ne yadda za ka tsaya a kan waɗannan kalmomi, ka duba hujjar da ke bayansu, ka san ko da'awar tana matakin zato ne ko kuwa ta riga ta tsaya da ƙafafunta.

Kafin komai, mu daidaita kalmomi. An gina jiki da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda zan riƙa kira ƙwayoyin sel. A cikin cibiyar ƙwayar sel akwai DNA, dogon zaren sinadari mai ɗauke da rubutun gado, a naɗe cikin dunƙule 46 da ake kira kuromosom, wato 23 daga uwa da 23 daga uba. Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan DNA, mai ɗauke da umarnin yadda za a ƙera wani furotin, kuma ɗan Adam yana da irin waɗannan kimanin 20,000. Tunda kuromosom bibbiyu suke zuwa, yawancin ƙwayoyin gado kwafi biyu muke da su. Ka riƙe wannan batu na kwafi biyu da kyau, domin kusan duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara.

Fara da rarrabe ƙwayar gado da furotin ɗinta

Ƙwayar gado umarni ce, furotin kuma shi ne ma'aikacin da ke aiwatar da aikin. Sau da yawa sunayensu kan yi kama, har marubuci ya cakuɗa su. Misalin da zan fi dogara da shi a wannan jagora shi ne ƙwayar gadon TP53, wadda ke kan gajeren hannun kuromosom na 17, da furotin ɗinta p53, wanda aka jera da amino asid 393, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su. Idan ka sami sunan wata sabuwar ƙwayar gado, nemi abubuwa uku: a kan wane kuromosom take, a waɗanne sassan jiki ake ƙera furotin ɗinta, kuma mene ne aikinsa a jikin mai lafiya. Rumbunan bayanai irin su OMIM da PubMed a buɗe suke ga kowa a intanet, kuma za su ba ka wannan cikin 'yan mintuna.

Ka san ko totur ake magana ko birki

Ƙwayoyin gadon da ke da hannu a cutar daji sun kasu manyan gida biyu. Na farko su ne masu ingiza ƙwayar sel ta rabu ta ninka kanta, kamar totur a mota. Idan sauyi a rubutun DNA ya maƙale ɗaya daga cikinsu a kunne, kwafi ɗaya tak ya isa ya jawo matsala. Na biyu su ne masu tsayar da ita, kamar birki, kuma su ne ake kira masu danne ƙari, wato tsiron da cutar daji ke fitarwa. A nan lalacewa ce ke kawo cuta, kuma a mafi yawan lokuta sai kwafin biyu duka sun lalace, domin muddin ɗaya yana aiki zai iya riƙe ragamar.

Wanda ya fara fito da wannan ƙa'ida fili shi ne wani likita a Amurka, Alfred Knudson, a shekarar 1971, kuma ya yi hakan ne tun kafin a iya karanta DNA yadda ake yi yanzu. Ya yi nazarin marasa lafiya 48 masu retinobilastoma, wato kansar da ke tsirowa a bangon ido na ciki mai karɓar haske, wadda ta fi kama yara ƙanana. Sau da yawa iyaye ne ke fara lura da ita: an ɗauki hoton yaro da hasken kyamara, sai a ga tsakiyar idonsa ɗaya ya yi fari fat yana ƙyalli, maimakon baƙi ko jan da aka saba gani. Knudson ya lura cewa yaran da suka gaji cutar suna kamuwa tun suna jarirai, kuma sau da yawa a idanu biyu, yayin da waɗanda ba su gada ba sukan kamu a makare kaɗan, kuma a ido ɗaya. Lissafinsa ya nuna cewa bugu biyu ake buƙata. Yaron da ya gaji kwafi ɗaya a lalace ya zo duniya da bugun farko a kowace ƙwayar sel ta jikinsa, saura ɗaya kawai ya rage masa. Wanda bai gada ba kuwa sai tsautsayi ya faɗa wa ƙwayar sel guda har sau biyu, abin da ba kasafai yake faruwa ba. A shekarar 1986 aka ware ƙwayar gadon da ake magana a kanta, RB1, a kan kuromosom na 13, lissafin kuma ya tabbata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan bangon ninki biyu ne.

Saboda haka tambayarka ta farko ga kowane rahoto ita ce: shin an nuna cewa kwafin biyu sun daina aiki a cikin ƙarin marasa lafiya?

Duba abin da aka samu a jikin mutane

Wannan shi ne matakin da ya fi buƙatar natsuwa, domin a nan ne da'awa mai rauni ke sanya tufafin mai ƙarfi. Rahotanni da yawa suna cewa an auna furotin ɗin a cikin ƙari an same shi kaɗan idan aka kwatanta da lafiyayyen nama na kusa. Wannan alama ce da ta cancanci a bi diddiginta, amma ita ce mafi ƙarancin hujja. Ƙwayar sel ɗin da ta rikiɗe ta zama ta daji tana sauya yadda take sarrafa ɗaruruwan furotin, har ma dubbai, don haka raguwar wani furotin tana iya zama sakamakon cutar ne kawai, ba sanadinta ba. Haka ma idan aka ce marasa lafiyar da furotin ɗin ya yi ƙasa a jikinsu sun fi saurin rasuwa, abin da aka nuna shi ne abubuwa biyu suna tafiya tare. Ba a nuna cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce a sami lalacewa a cikin DNA ɗin kansa: kwafi ɗaya ya ɓace tare da yankin kuromosom ɗin da yake kai, ɗayan kuma ya sami sauyin da ya kashe aikinsa. Ka lura kuma da kamannin sauye-sauyen. A masu danne ƙari yawanci sukan warwatsu a tsawon ƙwayar gadon, kuma da yawansu suna datse furotin ɗin kafin a gama ƙera shi, tunda hanyoyin ɓata abu suna da yawa. A masu ingizawa kuwa sauyin yakan taru a wuri ɗaya ko biyu, tunda hanyoyin maƙale abu a kunne kaɗan ne. Akwai kuma hanya ta uku da ba ta taɓa rubutun DNA ko kaɗan: ƙwayar sel tana liƙa wasu ƙananan alamun sinadari da ake kira metil a mashigin ƙwayar gadon, sai ta yi shiru kamar an kulle ta. An san haka tana faruwa da ƙwayoyin gadon CDKN2A da MLH1 a kansoshi daban-daban.

Yawan sauyi shi kaɗai bai isa ba, kuma ga dalili. Ƙwayar gadon TTN, wadda ke ƙera furotin mafi girma a jikin ɗan Adam, mai amino asid sama da 30,000, tana fitowa da sauye-sauye a cikin ƙari iri-iri. Girmanta ne ya sa haka, kamar yadda faffaɗan rufi ya fi ƙarami tare ɗigon ruwan sama. Masana suna kiran irin waɗannan sauye-sauye fasinjoji, su kuma waɗanda ke tura cutar gaba direbobi. Rahoto mai kyau zai gaya maka cewa yawan sauyin ya zarce abin da girman ƙwayar gadon zai iya bayyanawa. Idan kana so ka duba da kanka, rumbun COSMIC da na cBioPortal suna tattara sauye-sauyen da aka samu a dubban samfuran ƙari. A nan za ka ga cewa TP53 tana da sauyi a kusan rabin dukkan kansoshin ɗan Adam, kuma a nau'in kansar ƙwan mace mafi tsanani adadin ya haura kashi 90 cikin 100.

Daga nan sai ka tambayi ko akwai iyalai. A ganina wannan ita ce shaida mafi gamsarwa da za a iya samu daga mutane, domin ta nuna lalacewar ta riga cutar zuwa. A shekarar 1969 Frederick Li da Joseph Fraumeni suka bayyana wasu iyalai da kansoshi iri-iri ke bin zuriyarsu tun da ƙuruciya: ta ƙashi da tsoka, ta mama, ta ƙwaƙwalwa, ta jini. A 1990 aka gano cewa kwafin TP53 ɗaya a lalace suke gada. Haka labarin ƙwayar gadon APC yake, wadda aka gano a 1991 a kan kuromosom na 5, inda masu gadonta ke fitar da ɗaruruwan tsiro a babban hanji, haka kuma BRCA1 da aka ware a 1994 da BRCA2 a 1995, masu alaƙa da kansar mama da ta ƙwan mace da ke bin zuriya. Rashin irin waɗannan iyalai ba ya rushe da'awa, amma samunsu yana ɗaga ta sosai.

Duba abin da aka gwada a ɗakin gwaje-gwaje

Gwaji biyu ne ginshiƙai, kuma juna suke cikawa. Na farko shi ne mayarwa: a ɗauki ƙwayoyin sel na daji da suka rasa ƙwayar gadon, a mayar musu da lafiyayyen kwafi, a ga ko za su rage ninkuwa. Tushen wannan tunani ya koma ga aikin Henry Harris da abokansa a 1969, lokacin da suka haɗe ƙwayar sel ta daji da lafiyayya suka ga haɗin ya daina tsirar da ƙari, alamar cewa lafiyayyar ta kawo wani abin da ɗayar ta rasa. Na biyu shi ne cirewa: a kashe ƙwayar gadon a lafiyayyun ƙwayoyin sel ko a jikin dabba, a ga ko ƙari zai fito. A 1992 aka samar da ɓerayen da ba su da TP53 kwata-kwata. An haife su cikin kamanni na lafiya, amma mafi yawansu sun fitar da ƙari kafin su cika wata shida.

Idan rahoton ya tsaya a kan gwajin mayarwa kaɗai, a cikin faranti, da nau'in ƙwayoyin sel ɗaya ko biyu, to ka yi taka-tsantsan. Idan aka cusa wa ƙwayar sel furotin ninkin-ba-ninkin abin da ta saba ɗauka, tana iya raunana ko ta mutu, ko da furotin ɗin ba shi da wata alaƙa da danne ƙari. Ka nemi sanin ko adadin da aka saka ya yi kusa da na jiki, ko an maimaita gwajin a nau'o'i da dama, ko kuma wani ɗakin gwaji dabam ya sami sakamako iri ɗaya.

Tarihin p53 kansa ya isa ya koya wa kowa haƙuri, shi ya sa nake son ka san shi dalla-dalla. An gano furotin ɗin a 1979, a ɗakunan gwaji da dama lokaci guda, ciki har da na David Lane da Lionel Crawford a Ingila da na Arnold Levine a Amurka. An same shi manne da wani furotin na bairos ɗin SV40 mai jawo ƙari, an kuma ga ya taru da yawa a cikin ƙwayoyin sel na daji. Da aka saka ƙwayar gadonsa a cikin wasu ƙwayoyin sel, sai ta taimaka musu wajen rikiɗewa. Duk alamu sun nuna totur ne, kuma kusan shekara goma a haka aka ɗauke shi. Daga baya ne aka gane cewa kwafin da ake ta gwaji da su masu sauyi ne, waɗanda aka ciro daga ƙari. A 1989 ayarin Bert Vogelstein ya nuna cewa a kansar babban hanji kwafi ɗaya yana ɓacewa, ɗayan kuma yana da sauyi, daidai da ƙa'idar bugu biyu, a shekarar kuma aka nuna lafiyayyen kwafin yana hana rikiɗewa. Waɗanda suka yi kuskuren farko manyan masana ne masu kula da aikinsu. Don haka idan ka karanta gwaji, tambayi ko an tabbatar da cewa kwafin da aka yi amfani da shi lafiyayye ne.

Nemi bayanin yadda furotin ɗin yake aiki

Da'awa tana ƙara ƙarfi idan aka iya bayyana hanyar da furotin ɗin yake bi. A lafiyayyar ƙwayar sel ana ƙera p53 kullum, amma wani furotin mai suna MDM2 yana sa masa alama a rushe shi cikin mintuna, don haka adadinsa kaɗan ne. Da zarar DNA ya sami rauni sai a dakatar da rushewar, p53 ya taru, guda huɗu su haɗu su zama ƙungiya ɗaya, su hau kan DNA su kunna wasu ƙwayoyin gado. Ɗaya daga cikinsu tana ƙera p21, wanda ke tsayar da rabuwar ƙwayar sel har a yi gyara. Idan raunin ya fi ƙarfin gyara, p53 yana kunna tsarin da zai sa ƙwayar sel ɗin ta kashe kanta cikin tsari, don kada ta haifi 'ya'ya masu ɗauke da ɓarnar. Wanda rana ta taɓa ƙona wa fata har ta yi saɓa bayan 'yan kwanaki ya ga wani ɓangare na wannan aiki da idonsa, domin cikin abin da ke zubewa akwai ƙwayoyin sel da hasken rana ya lalata wa DNA, jiki kuma ya zaɓi ya rabu da su. Saboda wannan aiki ne David Lane ya kira shi mai gadin kundin gado a 1992.

Wannan bayani yana warware abin da ya rikita masanan farko. Cikin ƙwayoyin gadon da lafiyayyen p53 ke kunnawa har da mai ƙera MDM2, amma p53 mai sauyi ba ya iya kunna ta yadda ya kamata, don haka ba a rushe shi, sai ya taru. Ke nan yawan p53 a cikin ƙari sau da yawa alamar lalacewarsa ce. Bugu da ƙari, tunda huɗu-huɗu suke aiki, mai sauyi guda yana iya shiga cikin lafiyayyu ya gurgunta ƙungiyar duka.

Wata shaidar ta zo daga abokan gaba. Bairos ɗin HPV, wanda nau'o'insa na 16 da 18 ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na kansar bakin mahaifa, yana ƙera furotin E6 da ke sa a rushe p53, da E7 da ke ɗaure furotin RB, wanda ƙwayar gadon RB1 ke ƙerawa. Idan ka ga ɓarawo ya nufi wasu ƙofofi biyu kai tsaye, ka san su ne ke tsare da dukiyar. Akwai kuma abin sha'awa daga dabbobi: binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna giwar Afirka tana da kwafin TP53 kusan 20, kuma duk da girman jikinta da tsawon ranta ba ta cika kamuwa da kansa ba.

Kada ka ɗauki ƙa'idar a matsayin wadda ba ta da togiya. Akwai ƙwayoyin gadon da rasa kwafi ɗaya kawai yake isa ya ƙara haɗari, kamar mai ƙera p27 da kuma PTEN. Akwai kuma masu fuska biyu: NOTCH1 tana ingiza wata kansar jini, amma a fata tana danne ƙari. Saboda haka idan aka ce wata ƙwayar gado tana danne cutar daji, tambayi a wane sashen jiki, kuma a wane mataki na cutar.

Abin da sakamakon yake nufi ga mara lafiya

Ko da da'awar ta tsallake dukkan waɗannan matakai, tazarar da ke tsakaninta da magani mai nisa ce, kuma wajibi ne a faɗi haka ga mai jinya ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Magani ya fi iya toshe furotin mai aiki fiye da kima a kan ya dawo da wanda ya ɓace. Shi ya sa, bayan fiye da shekara 40 da gano p53, gyara shi kai tsaye yana nan a matsayin aikin da ake ta gwaji a kansa, ciki har da magungunan da ke toshe MDM2. Inda aka fi samun nasara shi ne ta bayan gida: ƙwayar sel ta daji da ta rasa BRCA1 ko BRCA2 ta rasa hanya ɗaya ta gyaran DNA, sai ta dogara da wata, idan kuma aka toshe wannan ta biyun da magani sai ta mutu, lafiyayyun kuma su tsira. A kan wannan dabara aka amince da maganin olaparib a 2014 don wasu masu kansar ƙwan mace.

Idan takardar sakamakon gwaji ce a hannunka, ta kanka ko ta wani naka, kuma an rubuta cewa an sami sauyi a ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado, fara da tambayar likita daga ina aka ɗauki samfurin. Sauyin da aka samu a cikin ƙarin kaɗai yawanci ya faru ne a rayuwar mutum, ba ya wucewa ga 'ya'ya. Wanda aka samu a jini ko yawu kuwa yana iya zama na gado, kuma kowane ɗa ko 'ya na da damar kashi 50 cikin 100 na ɗaukarsa. Kansoshin da gado ne ke haddasa su kai tsaye ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na duka ba. Tambayi kuma a wane rukuni aka sanya sauyin, domin akwai wanda aka tabbatar yana cutarwa, akwai wanda ba shi da illa, akwai kuma wanda har yanzu ba a fayyace ma'anarsa ba, kuma wannan na ukun ba a gina shawarar tiyata ko magani a kansa. Idan ya tabbata na gado ne mai cutarwa, nemi a haɗa ka da mai ba da shawara kan cututtukan gado, ka je masa da jerin 'yan'uwan da suka taɓa yin cutar ta ɓangaren uwa da na uba, da irin kansar da kowannensu ya yi, da shekarunsa a lokacin da aka gano ta. Da wannan jeri ne za a tsara wanda ya kamata a gwada a cikin iyali, da shekarun da za a fara duba shi, da tazarar da za a riƙa bari tsakanin dubawa da dubawa.